Girkin Girka: Baƙi Uku Marasa Cin Nama da Faranti Biyu na Sifanakofita

Wata Litinin da yamma, a shekararmu ta biyu a unguwar Kifseli ta birnin Atina, maigidana ya dawo daga aiki ya ce ya gayyato abokan aikinsa cin abincin dare ranar Asabar, mutum shida. Na ce madalla. Har na fara lissafin kaji nawa za su wadatar, sai ya ce, "Uwargida, dakata tukuna. Uku daga cikinsu ba sa cin nama."

Duk wadda ta tashi a gidan Bahaushe ta san nauyin wannan magana. Mu karramawar baƙo a wurinmu ita ce a yanka masa kaza, ko a tsoma masa tsoka biyu uku a miya. Tuwo da miya ba nama abincin gida ne, ba ka fitar wa baƙo shi sai da ban haƙuri. To ga baƙi uku waɗanda naman ne kansa ba sa so, kuma baƙonka annabinka.

Abu na farko da na yi, wanda daga baya na gane shi ne ya ceci lamarin gaba ɗaya, shi ne na ce wa maigida ya koma ya tambayi kowannensu dalla-dalla abin da yake ci da abin da ba ya ci. Washegari ya dawo da amsa uku, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

Ta farko Bajamushiya ce matashiya, ta bar nama ne don tausayin dabbobi. Tana cin ƙwai, tana shan madara, tana cin cuku, amma duk abin da sai an kashe dabba kafin a same shi ba ta taɓawa. Na biyu Ba'indiye ne ɗan jihar Gujarat, shi tun haihuwa bai taɓa sa nama a baki ba, haka gidansu suke. Madara da kindirmo da man shanu duk nasa ne, ƙwai kuwa a lissafinsu ɗan'uwan nama ne. Na ukun dattijo ne Bagirke, mabiyin cocin Orthodox. Shi a sauran kwanakin shekara yana cin komai, sai dai gayyatar ta faɗo a cikin babban azuminsu na kafin Ista, wanda suke kira Sarakosti. Azumin yana farawa ne ranar wata Litinin da suke kira Litinin Mai Tsarki, kuma ba irin namu ba ne na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Nasu ƙaurace wa wasu nau'o'in abinci ne: nama, ƙwai, madara da duk abin da aka yi da ita. Masu tsanantawa har man zaitun suna bari a ranakun mako, sai Asabar da Lahadi. Mun yi dace gayyatar ta Asabar ce, don haka mai ya halatta masa.

Na zaɓi sifanakofita ne saboda ita ce abin da nake gani kullum a gidajen burodin unguwarmu, ana yanka wa 'yan makaranta da ma'aikata da safe suna ci a tafe. Sunan kalma biyu ce a harshensu: sifanaki, wato alayyahun Turawa, da fita, wato abin da aka naɗe cikin kwaɓin fulawa aka gasa. Ana shimfiɗa fallayen kwaɓi masu siririn gaske da suke kira filo, ma'anarsa ganye, a zuba haɗin alayyahu da cukun feta da lawashi da ganyayen ƙamshi, a rufe da wasu fallayen, a gasa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba abincin nama ba ne da aka cire wa nama. Haka aka ƙirƙire shi tun asali, cikakke, babu gurbin da ya rage a buɗe.

Gwajin ranar Laraba

Ban yarda in fara gwada sabon girki a gaban baƙi ba, sai na yi gwaji ranar Laraba. Na sayo kilo 1 na sifanaki a kasuwar titi ta mako-mako da suke kira laiki, da giram 400 na feta, da ƙunshin filo mai giram 450. Na wanke ganyen, na zuba shi a tukunya da albasa ya yi laushi, na farfasa cuku a kai, na fasa ƙwai 3, na zuba gishiri kamar yadda hannuna ya saba a miyar alayyahu. Na juye haɗin da zafinsa a kan fallayen, na rufe, na sa a obin. Bayan minti 40 saman ya yi ja gwanin sha'awa. Na fito da shi, na lulluɓe da takardar gashi don kada ya huce kafin maigida ya dawo.

Da muka yanka, wuƙar ba ta yi ƙara ba. Saman ya yi laƙwas, ƙasan kuwa ya zama kamar ɗanyen kwaɓi, koren ruwa kwance a gindin faranti. Gishiri kuma ya yi yawa har yara suka kasa ci.

A bene na sama da namu akwai wata tsohuwa, 'yar wani ƙauye kusa da Yannina a yankin Ifiros, can arewa maso yammacin ƙasar. Yarana suna kiranta Yaya, don a harshensu haka ake kiran kaka, kuma kalmar ta zauna daram a bakinsu. Ni Kiriya nake ce mata, wato uwargida, ita kuma ta ce mini koritsi mu, 'yata. Na ɗauki yanka ɗaya na hau mata da shi. Ba ta ɗanɗana ba tukuna. Ta kifa shi a tafin hannunta, ta dubi ƙasan, ta danna da babban yatsa, ruwa ya tsatso. Ta ce, "'Yata, hannunki ba shi da laifi. Ganyen ne ba ki raba shi da ruwansa ba."

Da muka zauna muka bi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, sai ga kurakurai biyar, huɗu daga ciki duk maganar ruwa ce.

Sifanaki kusan kashi 91 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Wato a kilo 1 da na saya, abin da ya haura giram 900 ruwa ne zalla, ban da wanda ya maƙale a jikinsa bayan wanki, wanda ni ban bari ya tsane ba. A miya wannan ruwa alheri ne, shi ne romon. A cikin fallayen filo kuwa ba shi da hanyar fita sai ƙasa. Sannan na zuba haɗin da zafi, tururinsa ya jiƙa fallayen tun kafin su ga wuta. Na ɗora farantin a tsakiyar obin, saman ya nuna ya yaudare ni alhali ƙasan bai samu zafin da zai ƙame ba. Lulluɓewar da na yi daga ƙarshe ita ta ƙarasa aikin. Wannan ɗabi'armu ce mai kyau a tuwo da shinkafa, mu rufe abinci a kula don ya jira mai shi da ɗuminsa, amma abin da ake so ya yi ƙarau-ƙarau rufi kashe shi yake yi, don tururi yana komawa cikinsa. Na biyar shi ne gishiri: feta a cikin ruwan gishiri ake tsuma shi, yana zuwa da nasa, ni kuma na ƙara.

Ranar Alhamis ta sauko da kanta ta nuna mini yadda ake yi a ƙauyensu. Ganyen ba ya ganin wuta ko kaɗan kafin gashi. An wanke shi sau uku saboda ƙasa, an baza a kan tawul ya sha iska, an yanka ba ƙanana sosai ba. Ta barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya da rabi na gishiri a kan kilo guda, ta sa hannu biyu tana murzawa kamar mai wankin tsumma, har tulin da ya cika babbar roba ya koma bai kai rubu'inta ba. Ta bar shi minti 15. Daga nan ta riƙa ɗibar cikin hannu tana matsewa da ƙarfi, yatsunta duk sun lanƙwashe da tsufa amma ruwa na zuba ta tsakaninsu kore shar. Na tara shi a jug don in gani da idona: ya kusa kofi biyu. Gishirin ne ke janyo ruwan daga cikin ganyen, kuma yawancinsa yana bin ruwan ya tafi, abin da ya rage shi ne daidai abin da haɗin ke buƙata. Ba a ƙara ko ƙwaya.

Tana aiki tana ba ni labarin garinsu. Ifiros ƙasar duwatsu ce, tsaunukan Findos sun ratsa ta, mutanenta makiyayan tumaki da awaki ne, ƙasar noma kaɗan. Abin da mace ke da shi a ɗaki shi ne ɗan gari, da cuku, da ganyen da ta tsinko a bayan gida, shi ya sa suka shahara a duk faɗin Girka da irin wannan gashi. Uwarta ba ta da obin. Da gastara take yi, wani murfin ƙarfe mai kama da ƙwarya da ake kifawa a kan faranti a tula masa garwashi da toka. Nan take na tuna yadda matan gida ke gasa kek a tukunya, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi.

Maganar cuku

Ruwa ya warware, sai ga wata matsalar da ban hango ba. Maigida ne ya dawo ranar Alhamis ɗin ya ce Bajamushiyar ta tambaya cikin ladabi ko na duba irin abin da aka daskarar da cukun da shi. Ban fahimci tambayar ba sai da na bincika.

Madara ba ta zama cuku sai an zuba mata abin da zai sa ta kama. Tun zamanin da, abin da makiyayan Girka ke amfani da shi wani sinadari ne da ake cirowa daga cikin ɗan rago ko ɗan akuya mai shan nono bayan an yanka shi. Suna kiransa fitiya, Larabawa kuma infaha. Ɗan kaɗan ake sawa, ba ya fitowa a ɗanɗano, amma sai an yanka dabba kafin a same shi. Ga wadda ta bar nama don kada a kashe dabba saboda ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa in raina damuwarta ba. Mu ma da muke karanta bayan kwali muna neman ko akwai kitsen alade mun san wannan hali. Hasali ma malamanmu sun tattauna wannan infahar tun da daɗewa idan ta fito daga dabbar da ba a yi mata yankan Musulunci ba: Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinta, Malikiyya da Shafi'iyya kuwa suka tsananta. Ashe tambayar baƙuwata ta shafe ni ni ma.

Feta ba kowane farin cuku ba ne. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga cukun da aka yi a wasu yankunan Girka kaɗai, irin su Ifiros da Tasaliya da Makidoniya da tsibirin Lesbos. Danmak da Jamus, waɗanda a lokacin suke yin nasu da madarar shanu suna kiransa feta, sun kai ƙara, kotun Tarayyar ta yanke hukunci a 2005 ta bar wa Girka sunanta. Ƙa'idar ita ce madarar tumaki, ko a gauraya da ta awaki da ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba, a tsuma shi aƙalla wata biyu a ruwan gishiri. Wannan tsumin ne ke ba shi tsamin da ke hana shi narkewa ya malale a wuta. Yana laushi ne kawai ya tsaya a gurinsa, shi ya sa ba a gurza shi, ana farfasa shi da hannu gutsi-gutsi kamar girman gyaɗa, don mai ci ya riƙa cin karo da shi.

Amma sunan feta a kan kwali ba ya gaya maka da me aka daskarar da shi. Na je wurin mai sayar da cuku na unguwa, wanda ke yanko shi daga cikin ganga ta katako, na tambaye shi. Ya faɗa mini gaskiya cewa nasa na gargajiya ne, da fitiyar dabba aka yi shi. Na ji daɗin gaskiyarsa, ko da yake nasa ya fi daɗi nesa ba kusa ba. A babban kanti na tsaya ina juya kwalaye har na samu wanda aka rubuta a jikinsa cewa da sinadarin da ake samu daga ƙananan halittu aka daskarar da shi, ba na dabba ba, kuma ya dace da marasa cin nama. Shi na saya, na kuma ajiye kwalin ban jefar ba.

Yadda aka raba faranti

Faranti ɗaya ba zai ɗauki mutum ukun nan ba. Na yi tunanin in yi guda ɗaya babu cuku babu ƙwai kowa ya ci, amma na ga kamar an tauye wa mutum biyu haƙƙinsu ne saboda sauƙin mai girki. Sai na yanke shawarar yin biyu.

Na farko mai cuku ne amma babu ƙwai, domin Bajamushiya da Ba'indiye da sauran jama'a. Aikin ƙwai a wannan haɗi shi ne ya ɗaure shi. Kiriya ta ce a ƙauyensu ba kullum ake samun ƙwan sawa ba, tarahana suke watsawa, wato tsakin alkama da aka dafa da madara mai tsami aka shanya. Yana tsotse sauran ruwan da ya ɓuya a ganye, ya kumbura, ya riƙe haɗin. Na sa cokali 3. Sauran kayan: kilo 1 na sifanaki matsattse, giram 350 na feta, lawashi damƙi biyu da na ɗan soya a man zaitun na bari ya huce sarai, ganyayen ƙamshi, wato damƙi guda na dil, ɗan faski da ɗan na'a-na'a, sai masoro.

Na biyu na dattijo ne, irin wanda suke kira nistisimi, wato na azumi. A nan na kusa yin kuskure, don har na ɗebo tarahana zan zuba, Kiriya ta riƙe mini hannu ta ce, "Da madara aka yi shi, 'yata." Sai muka sa ɗanyar shinkafa cokali 3 a madadinsa. Tunda babu cuku, aka ƙara albasa da wani dogon ɗan'uwanta mai zaƙi da suke kira faraso, aka ninka ganyen ƙamshi, aka ƙara mai da ɗan gishiri. Kwalin filo ma sai da na karanta shi, na tabbatar babu ƙwai ko madara a ciki.

Ta so ta murza mini filo da hannunta da siririyar sandarta, amma ta ce ba aikin da ake koya a kwana biyu ba ne. Ta sa na sayi mai ɗan kauri da ake kira na ƙauye, wanda ya fi jure ruwa. Fallaye huɗu a ƙasa, kowanne a yayyafa masa man zaitun, ba a dannawa, a bar shi da 'yan tattara don iska ta samu wurin zama. Haɗin kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu. Fallaye uku a sama, a naɗe gefe, a tsaga saman da wuƙa gida-gida tun kafin gashi ba tare da an kai ƙasa ba, don tururi ya fita ta nan. A yayyafa ruwa kaɗan da yatsu. Obin a kan maki 180, faranti a can matakin ƙasa, awa guda cur. Alamar nuna ba launin sama ba ce. A girgiza farantin, in abin ya motsa gaba ɗayansa ya saki gindi, to ƙasan ya gasu. Sannan a bar shi a buɗe rabin awa kafin a yanka.

Ranar Asabar

Na haɗa da wake fari da aka gasa da tumatir, da salak, da zaitun, da burodi, kuma ban dafa nama ba sam, har ga masu cinsa. Maigida ya ɗan yi jim da ya ji haka, na ce masa, "Baban yara, in aka ajiye kaza a tsakiyar tebur, mutum ukun nan sun zama 'yan rakiya." Ya ce gaskiya ne.

Da na sa wuƙa a faranti na farko sai da kowa ya ji ƙarar. Na ɗaga yanka ɗaya na dubi ƙasansa kamar yadda Kiriya ta yi, ja ne, busasshe. Na miƙa wa Bajamushiyar kwalin cukun ba tare da na ce komai ba. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta yi godiya har sau biyu, kuma ta ci yanka uku. Ba'indiyen ya ce abin ya tuna masa da alayyahu da cukun da ake dafawa a ƙasarsu, sai dai shi zai so yaji, na kawo masa dakakken yajinmu ya barbaɗa.

Farantin azumi bai kai na farko ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ya gasu yadda ake so, bai jiƙe ba, amma ɗanɗanonsa ya kwanta. Na cike gurbin gishirin feta da maiƙonsa, na manta da tsaminsa. Dattijon ya ci yanka biyu ya yaba, sannan ya nemi lemon tsami ya matsa a kai, a nan na gane abin da ya ɓace. Washegari Kiriya ta ɗanɗana ragowar ta ce a ƙauye ba a yin na azumi da sifanaki kaɗai, ana gauraya shi da ganyayen daji, musamman wani mai ɗan tsami da suke kira lafato. Na ce mata mu ma muna da irinsa, yakuwa.

Bayan wata huɗu, da zafi ya shigo sifanaki ya yi ƙaranci a kasuwa, na ga tulin wani ganye a laiki wanda na tsaya ina kallo kamar na ga ɗan garinmu. Alayyahunmu ne, ko dai ɗan'uwansa na jini. Girkawa suna kiransa bilita, suna dafa shi su zuba man zaitun da lemon tsami. Na saya na yi gashin da shi, ya fi sifanaki riƙe jikinsa, ruwansa bai kai na wancan ba, sai dai a cire manyan itatuwan. Wannan ya sa na rubuta wa ƙanwata a Kano cewa ta gwada da alayyahun Yankaba, da ɗan ganyen yakuwa, da fallayen samosa a madadin filo. Cukun Fulani da ake daskararwa da ruwan tumfafiya babu abin dabba a cikinsa ban da madarar, amma ba shi da gishiri ba shi da tsami, don haka na ce ta jiƙa shi kwana biyu a firij cikin ruwan gishiri da lemon tsami. Ba zai zama feta ba, na gaya mata haka. Ta yi a tukunya da garwashi sama da ƙasa, ta aiko mini da hoton yanka ɗaya a kife a tafin hannunta, na hau bene na nuna wa Kiriya. Ta sa tabarau, ta daɗe tana duban ƙasan, ta ce a gaya wa yarinyar ta rage garwashin sama ta ƙara minti goma.